Wai Sai Marigayi Ya Ƙifta Ido

'Yan uwa, yau an nemi mijina a waya! Kun san bara muka binne shi a Rikoto.

Layinsa na hannuna har yanzu. Da safe wani kamfanin manhaja ya turo masa saƙo: ɓarayi sun kwashe bayanansa, har da hotonsa. Wai yana da haƙƙin kai ƙara, ko ya sa su goge bayanan daga wurinsu.

Na kira su. Wata ta ce, "Madam, sai mai layin ya kalli kyamara ya ƙifta ido."

Na ce, "Ya rasu."

"Ayya, sannu. Amma ƙa'ida ce."

Na ce to. Ko kuka ban yi ba. Tun ɗazu nake kallon hotonsa na kaki a bango. Bai ƙifta ba.