Bin Sawun Motar Mista Bawa

Litinin: Sakkwato zuwa Zuru

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, mu uku cikin Landirobar ma'aikata: Alhaji Umaru shugaban kwamiti, Ɗan'ige direba, sai ni magatakarda. A shekarar, ba a daɗe da sauya kuɗi zuwa naira ba, gwamnatin jiha ta ce za ta karrama aikin hukuma da ya fi bunƙasa arzikin yankinsa, kyautar kuwa sabuwar babbar mota ce. Sharaɗin ɗaya ne: sai kwamiti ya ga aikin da idonsa yana gudana. Mun riga mun zaga sauran wurare, mun ga mayanka, mun ga wurin wankan shanu, ko'ina an shafe da farar ƙasa ana jiranmu. Zuru ce ta rage, kuma ranar Juma'a ake son rahoto.

Bayan Gumi muka tarar da shingen sojoji. Wani kofur ya leƙo ya ce, "Sai ina?" Ɗan'ige ya ce Zuru. Nan take fuskarsa ta sake, ashe ɗan can ne. Ya ce, "In kun ga motar Mista Bawa ku gaishe ta. Ita ke kai wa matata kaya kasuwa." Da muka wuce Alhaji ya ce, "To, ka ji! Mota har da masu aiko mata gaisuwa."

Mun sha fura a Dakin Takwas, muka shiga Zuru da la'asar, aka sauke mu gidan baƙi na gwamnati. Gadon ba laifi, sauron ne dai ba ya da kunya.

Ba a jima ba Mista Bawa ya zo, gajeren Badakkare da wandon kaki iya gwiwa, jami'in raya karkara. Ya yi mana bayani a taƙaice. Wata tsohuwar motar 'yan gyaran hanya ce aka yasar, ya roƙa aka ba shi, ya gyara. Kowace ranar kasuwa tana bin ƙauyuka ta kwaso amfanin gona, masu kaya su biya na mai kawai. Akasarinsu matan sojoji ne, mazan na bariki, gona ta zama tasu. Ya ƙara da cewa ofis ya gaji da gyaranta, an yanke za a yi gwanjonta ƙarshen shekara. In ba a samu sabuwa ba, aikin ya mutu ke nan.

Alhaji ya ce, "Gobe a wanke ta a kawo nan mu gani, a ɗauki hoto."

"Ranka ya daɗe, gobe tana Manga. In ta tsaya, tumatir ɗin mutane zai ruɓe."

"Jibi hwa?"

"Wasagu. Lahadi kaɗai take hutawa."

Alhaji ya dube ni, na dubi ƙasa. Mutumin da hakimai ke tarba da kakaki ne yau mota ta ce ba ta da lokacinsa.

Talata: Manga

Alhaji ba ya fita sai ya sha shayi, saboda haka da hantsi muka isa Manga, Mista Bawa na zaune baya tare da akwatunanmu. Tafiyar ba nisa. Muka tarar da sawun taya cikin laka da ɓawon rake, mota kam ta daɗe da tashi. Muka juyo kasuwar Zuru. Wani ɗan kabilar Ibo mai kanti a bakin tasha ya ce, "Ta sauke, ta koma ɗauko na biyu, Oga." Ya ba mu benci, ya ce tun da motar nan ta fara aiki mutanen ƙauye ke sayen fitila da kwanon rufi, har ya kira ƙanensa daga gida ya taya shi.

Muna nan zaune ruwa ya kece. Sai yamma aka aiko cewa direban motar ya sauke kayan ta ƙofar bayan kasuwa, ya wuce Ribah ya kwana don ya yi sammakon Wasagu. Alhaji ya ce, "Wagga mota ce ko aljana?" Daren nan tuwon dawa aka kawo da miyar kuka, bai ci na kirki ba.

Laraba: Wasagu

Yau kam ba shayi. Mun fita da duku-duku, amma bayan Ribah muka iske wani rafi ya kawo ruwan jiya. Ɗan'ige ya shiga da ƙafa, ruwa ya kai masa ƙugu, ya fito ya ce wallahi ba zai jefa motar gwamnati ba. Muka jira har ya janye. Babbar mota ita ta ƙetare tun da safe, ga sawunta nan a hayi yana mana gwalo.

Mun shiga Wasagu rana ta take. Kasuwa ta cika maƙil, doya da shinkafa da man kaɗe, ga 'yan sari har daga Gusau. Mota ta tafi. Alhaji ya zagaya sau ɗaya ya ce, "Kasuwa na gani. Ni ba kasuwa anka aiko ni dubawa ba."

Shugaban makarantar firamare ya sauke mu. Mista Bawa ya koma gindin mangwaro shi kaɗai, kuma gaskiya ya ba ni tausayi. Na je na ce masa, "Haba Mista Bawa, ka aika a tsayar da ita rabin yini mana. Gobe ce kaɗai ta rage."

Ya ce, "Malam, na gaya wa matan hanyar Dirin Daji za ta zo da safe. Ban taɓa yi musu ƙarya ba."

Na ce masa taurin kai zai ja masa asara. Ya ce ya sani.

Alhamis: hanyar Dirin Daji

Muka biyo baya ta Ribah muka kama hanyar kudu. Wajen ƙarfe goma, muna shan wata kwana, Ɗan'ige ya taka birki ya ce, "Ga ta can!"

Ita ce kuwa, koriya, duk jiki faci, ta karkace gefen hanya. Ƙarfen da ke riƙe ƙafafun baya ya karye. Mata sun fi talatin suna sauke kaya, kowace na neman nata ta ɗauka. Mista Bawa ya sauka, ya cire hula, ya ce, "Ga ta, ranka ya daɗe." Ya san sharaɗin kamar yadda muka san shi.

Alhaji ya tsayar da wata mai goyo da ke kici-kicin ɗaga kwandon tumatir, ya tambayi sunanta, ta ce Saratu. Ya ce, "Kasuwa da nisa?"

"Mil biyar, Baba."

"Kahin motar haka kuke yi?"

"Haka. Mu tashi zakara bai yi cara ba, mu isa kasuwa ta fara watsewa, mai saye ya taya yadda ya ga dama." Ba ta jira wata tambaya ba, ta sa kai ta bi 'yan'uwanta.

Alhaji ya daɗe yana kallon layinsu har na gaba suka shige kwari. Can ya ce, "Ɗan'ige, hid da akwatunanmu. Kwashi matan ga da kayansu, ka yi ta sawu har su ƙare." Ya juyo gare ni: "Kai kuma, magatakarda, alƙalami ba ya da nauyi. Taimaki waccan tsohuwa."

Haka na tsinci kaina da buhun dankali a ka, cikin farar rigata, mata na ta dariya suna cewa kada Malam ya faɗi. Ban kai mil guda ba Landiroba ta dawo ta cece ni. Shi kuwa Alhaji gindin kaɗanya ya zauna bisa akwatinsa har bayan azahar.

Da aka kai sawun ƙarshe na matsa na ce, "Ranka ya daɗe, me za a rubuta?"

"Rubuta mun gani."

"A tsaye fa muka same ta."

"Rubuta hakanan. Ka kuma rubuta abin da ya auku ga mutane da ta tsaya."

Mista Bawa ya juya mana baya, ya goge fuska da hularsa. Mun kwana Dirin Daji, Saratu ta aiko mana da dafaffiyar doya da manja.

Juma'a: komawa gida

Mun kamo hanya da asuba, ta Zuru da Dakin Takwas, muka yi Juma'a a Gumi, muka shiga Sakkwato da almuru. Alhaji ya kai rahoto gidan babban sakatare da hannunsa. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, mun gode wa duk wanda ya ba mu wurin kwana da abin sawa a baki, musamman Ɗan'ige da ya sha hanya bai yi gunaguni ba.

Bayan makonni aka sanar cewa Zuru ta ci kyautar. Ni wuyana ya yi mako bai juyu ba, uwargida na shafa mini mai tana yi mini tsiya. Tsohuwar motar kuwa ba ta sake tashi ba, sabuwar kuma sai da takardunta suka yi wata uku a ofisoshinmu kafin ta iso. Duk tsawon wannan lokaci, su Saratu da ƙafa suka yi ta cin kasuwa.