Gwangwanin Madara a Jakar Inna

Ni dai ban taɓa yin caca ba. Na faɗa, na sake faɗa har bakina ya gaji, amma wadda nake so ta yarda, mahaifiyata, har yau ba ta yarda ba.

Shekarata bakwai a Madina lokacin da abin ya faru. Ina aiki a wani kantin magani kusa da Harami, muna zaune a unguwar Ƙurban, ni da matata da yara biyu. Duk Juma'a, da an idar da la'asar, abokai kan taru a falona mu buga karta, irin wadda Turawa ke kira foka. Akwai likita, akwai malamin jami'a, sai wani direba ɗan Maraɗi da ya fi mu duka son dariya. Ba a sa kuɗi. A garin Manzon Allah? Wa zai fara? Ƙwandalolin wasa muke rabawa, kowa ya sami daidai da na ɗan'uwansa, wanda nasa suka fara ƙarewa shi zai kawo mana mandi, shinkafa da naman rago, Juma'a mai zuwa. Da an kira magariba mu tattara mu nufi masallaci.

Ƙwandalolin nan su ne ciwona. Wani agogo yake tarawa, wani turare, ni kuwa su Allah ya jarrabe ni da so. Ina son nauyinsu a tafin hannu, da ƙarar da suke yi in an zube su a kan bargo. Abokan aikina 'yan ƙasashen waje sun san halina, duk wanda ya je hutu gida sai ya dawo mini da ɗaya ko biyu a aljihu. Matata takan ce da yaranmu zan riƙa gogewa da tsumma kamar yadda nake goge su, da sun fi kowa ƙyalli a unguwar.

Ana nan sai wani abokina na makaranta ya kira ni daga Jos. Ya ce ya ci karo da irin tarkacen da nake so a wurin wani mai gwanjo, tsofaffi na yumɓu, daga wani otal da ya daɗe da rufewa. Ya turo hoto. Kai! Ranar ko abincin kirki ban ci ba. Na ce ya kwashe su duka ya aika wa ƙanena a Kano. Saura yadda za su iso.

To, kowa ya san yadda muke yi a nan. Ba mai zuwa Umra da jakarsa ta kansa shi kaɗai. Wannan ya ba shi kuka, wancan daddawa, wata ta ba shi zanen ɗinki, kuma ba a tambayar abin da ke cikin saƙo, rashin kunya ne. A shekarar kuwa na biya wa Inna kujerar Umra. Shekara uku ina tarawa daga albashina. Matar da tun ina yaro, in aka ambaci Madina a rediyo sai ta ajiye abin da take yi ta share hawaye. Sai na ce wa ƙanena ya zuba ƙwandalolin a gwangwanin madara, ya naɗe da salatif, ya cusa a jakarta. In ta tambaya ya ce kayan aikina ne. Wallahi ko sau ɗaya zuciyata ba ta buga ba. Ni da nake karanta ƙananan rubutun kwalin magani duk rana, ban tsaya na tuna abin da ke rubuce a jikin ƙwandalolin ba: sunan gidan cacar, ɓaro-ɓaro, da zanen karta.

Da hantsi jirginsu ya sauka. Muka je tarba da yara, an sa musu sababbin kaya, matata ta gyara wa Inna ɗaki har da sabon labule. 'Yan tawagarsu suka yi ta fitowa, tsofaffi da jakunkuna iri ɗaya, babu Inna. Aka yi azahar babu Inna. Sai can ga ta tafe tare da jagoran tawagar, tana jan ƙafa, babban yatsanta na dama shuɗi da tawada.

Jagoran ne ya ja ni gefe. Na'urar duba kaya ta nuna gwangwanin, 'yan kwastan suka buɗe a gabanta, suka tambaye ta mene ne, ta ce kayan aikin ɗanta ne, mai ba da magani. Aka nemo wata Bahaushiya haifaffiyar nan da ke aiki a wurin ta yi tafinta. Ita kuma da guntuwar Hausarta ta ce, "Ya Hajiya, wannan haggin caca ne, caca." Ba su wulaƙanta ta ba, har kujera da ruwa suka ba ta. Sun karɓe kayan, suka sa ta dangwala yatsa a wata takarda da ba ta iya karantawa, suka sallame ta. Amma an yi a gaban mata biyu 'yan unguwarmu ta Kano.

Na durƙusa na ce, "Inna, sannu da zuwa."

Ta ce, "Yauwa." Ta shafa kan yara, suka gaishe ta da Larabci, ta amsa musu da Hausa. Na kai hannu zan nuna mata inda na ajiye mota, sai ta wuce ni ta hau bas ɗin tawaga. Ɗakin da muka gyara ba ta taɓa kwana a ciki ba. Ta zaɓi masauki, su huɗu a ɗaki ɗaya.

Washegari ta aiko a kira ni. Na same ta a farfajiyar Harami bayan la'asar, ƙarƙashin manyan laimomin nan, ta miƙe ƙafa saboda gwiwa. Na zauna na fara zuba bayani kamar wanda ake kora: wasa ne kawai, ba kuɗi, tarawa nake yi don sha'awa, abokaina duk mutanen kirki ne, likita ne, malami ne. Ta bar ni har na ƙare.

Ta ce, "Kujerar da na hau na zo nan, da wane kuɗi ka biya?"

Na ce, "Albashina, Inna. Wallahi albashina."

Ta nuna koriyar ƙubbar kabarin Manzon Allah da haɓa. "To ga shi can yana jin ka. Ka rantse mini ko loma ɗaya ba ta taɓa shiga cikinka ta hanyar wasan nan ba."

Na buɗe baki, sai mandi ya faɗo mini a rai. Ni na fi kowa iya wasan a falon, shekara biyu ban fi sau uku na saya ba, sauran duk na waɗanda na cinye nake ci. Na ce, "Inna, sai dai abinci, wanda..."

Ta ɗaga hannu. Shi ke nan.

Abin da ke cin raina har gobe, da ƙarya na yi mata da an wuce wurin. Rantsuwa ɗaya, da ta kwana gidana, ta ci tuwon matata. Gaskiyar da ita ta koya mini da bulala ce ta kashe ni a gabanta. A wurinta babu ƙaramar caca da babba. Wanda ya ci shinkafar caca zai ci kuɗinta, wanda kuma ya ɗora wa uwarsa kayan caca ya ce na magani ne, me zai hana ya ce kuɗin caca albashi ne?

Na ce bari in nemo shaidu. Na kira likita, ya ce, "Ka san matsayina, ɗan'uwa. Maganar da ta kai ga takardar kwastan, kar sunana ya shiga." Na kira malamin jami'a. Ka ji mutumin banza, wai shi dama tun farko zuciyarsa ba ta kwanta da batun mandin nan ba, akwai shubuha a ciki. Shubuha! Mutumin da ke zuwa da roba a leda don ya tafi wa iyalinsa da ragowa! Ranar ya fice daga zaurenmu na waya, ko sallama babu.

Direban ne kaɗai ya zo, Allah ya saka masa. Ya sa farar jallabiyarsa, ya sayo dabino, ya tsuguna a gaban Inna a harabar masauki. Ya ce wallahi tallahi bai taɓa ganin riyal ɗaya a kan bargon nan ba. Na ga fuskarta ta ɗan saki. Sai bawan Allah ya ga kamar bai yaba ni sosai ba, ya ƙara da cewa, "Ai ɗanki gwani ne, Inna, duk Madina ba mai cin shi. Mu kullum mu ke sayen rago." Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ta gama kwanakinta, ta yi sallolinta, ta wuce Makka ta yi Umrar tun da ta riga ta zo. Duk kular abincin da matata ta kai mata, 'yan ɗakinsu suka cinye. Da ta koma gida ta ce wa ƙanena waccan ba ta lissafa ta ba, ba ta san da me aka kai ta ba. Abin da nake aika mata duk wata ta hana a sa mata shi a tukunya. Muna waya, tana amsa gaisuwa, tana tambayar yara, tana sa albarka a gajarce kamar mai gudun kati ya ƙare.

Wasa kuwa ya mutu da kansa. Ba wanda ya ce a daina, ba wanda ya sake zuwa. Ƙwandalolina na da suna nan a saman kwaba, ban zubar ba, ban kuma sake buɗewa ba. Tsanarsu nake yi, kuma har yanzu ina son su, ban san abin da zan ce da wannan ba.

Bayan shekara biyu, wata safiya ina bayan kanta, wata mata ta shigo neman man shafawa na ciwon gwiwa. Na ɗago, sai na ga maƙwabciyarmu ce ta Kano. Muka gaisa da murna. Ta ce, "Ai na Innarka ne. Gwiwar ta matsa mata, ga shi yau za mu wuce Makka." Ta ga yadda na tsaya, sai ta rufe baki da mayafi.

Ashe kwana takwas Inna tana Madina. Ta sayar da awakinta, ta haɗa da kuɗin adashi, ta biya wa kanta kujera, ta hana kowa ya gaya mini. Masaukinsu ko minti goma bai kai ba daga inda nake tsaye duk rana.

Na ɗauki man, na bar kanti a hannun abokin aikina, na fita da farar rigar aiki a jikina. Na same ta zaune a harabar masauki, ana loda kaya a bas. Ta rame, amma fuskarta a sake take, yadda ban gan ta ba a zuwan farko. Ba ta yi mamakin ganina ba.

Na durƙusa. "Inna, haba Inna. Kwana takwas?"

Ta ce, "Ibada na zo yi. Ina yaran?"

Na ce suna makaranta. Na miƙa mata man. Ba ta karɓa ba, ta tsaya tana kallonsa.

"Naka ne ko na masu kanti?"

"Na kanti ne, amma ni zan..."

"Nawa suke sayarwa?"

Na ce Inna don girman Allah. Ta sake tambaya, a hankali, ba faɗa. Na faɗa mata. Ta zuge 'yar jakar da ke rataye a wuyanta, ta zaro takardar riyal hamsin, ta miƙo. Mutanen unguwarmu suna kallo, direban bas yana danna hon. Ta ƙi sauke hannu, ni kuma na san in ban karɓa ba haka za ta hau motar nan da gwiwarta a kumbure har Makka.

Na karɓa. Na laluba aljihuna, na ba uwata canjinta.