Haladu da Hasumiyarsa Mai Ƙaya

Ku da kuka san marigayi Haladu magini a Balan, kun san ba ya gaida maigida sai ya gaida katanga. Da ya iso ƙofar gidanka zai ɗora tafi a bango, ya shafa, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. In ka ce, “Sannu da zuwa,” sai ya ɗaga maka hannu: “Dakata, mara lafiya nake dubawa.” Can sai ya girgiza kai: “A Agadas ba haka ake yi ba.”

Taubashina ne. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka bawana nake ce masa, duk da ya girme ni nesa ba kusa ba. Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, nan ma jahilcin ne ya ci yaƙin. Amma labarin Agadas kam, ko ban so ba na haddace shi. Ya ce yana saurayi ya bi ayarin fatake masu kai turkuɗi arewa su dawo da kantun gishiri, ya shekara bakwai a can. Gari ne na jar ƙasa a bakin Sahara, arewa da shi duwatsun Abzin, gabas rairayi har Bilma. A tsakiyarsa akwai hasumiyar laka da ta ga kakannin kakanni, jikinta duk sanduna. Ya rantse ya taɓa hawanta ya yi mata yaɓe.

Ni kuwa sai in ce, “Bawana, kasuwar Wudil ka je, ka ga raƙumi ɗaya ka dawo.” Majalisa ta fashe da dariya, shi ma ya yi murmushi. Ban san yana masa ciwo ba.

Duk ginin da zai yi sai ya bar kan azara ya leƙo waje. Da ya gina mini soro, sai ga shi kamar bushiya. Wata damina itace ya yi wuya, uwargida ta dame ni, na sa zarto na yanke kawunan azarar tas. Ba a yi sati ba ruwa ya cinye zankon soron. Na aro tsani a maƙwabta, na hau da laka, tsanin ya zame, na faɗo cikin kwaɓin har wuya. Haladu ya zo ya tsaya a kaina.

“Ubangidana, ina tsanin da na bar maka a jikin bango?”

“An dafa tuwo da shi.”

“To, ga miyar nan kana sha.”

Shi ya gina ’yar hasumiyar masallacinmu, bayan samun ’yancin kai da kaɗan. Ƙasa faɗi, sama tsukakke, sanduna ta kowace fuska. Maƙwabtanmu mutanen Kademi in sun zo biki sai su tambaye mu ko ladaninmu tsuntsu ne. Da siminti ya fara shigowa, dattawa suka zauna aka ce a yanke ƙayoyin nan, a shafe ta sumul kamar ta birni. Haladu ya miƙe ya ce: “Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai an koma masa. Sandunan nan ba ado ba ne, matakala ce ta na baya. A Agadas…”

Wa ya katse shi? Ni. Na ce, “Wa ya raka ka Agadas ɗin?” Aka yi dariya, aka tsayar da magana: bayan girbi za a yanke, ni ne mai zarto. Tun daga ranar ban ƙara jin sunan Agadas a bakinsa ba. Katanga ma ya daina gaida ta.

Girbin bai zo ba, don shekarar fari ce. Gero ya ƙone a tsaye, aka mance da siminti. Sai ga Buzaye suna gangarowa daga arewa, dabbobinsu sun ƙare a hanya. Wasu suka sauka a bayan garinmu. A cikinsu akwai wani tsoho mai baƙin rawani, wanda kullum bayan La’asar sai ya zauna nesa kaɗan ya zuba wa hasumiya ido. Da na ji mutumin Agadas ne, shaiɗan ya ce mini ga dama. Na jawo Haladu gaban jama’a na ce, “Baba, wannan ya ce ya hau hasumiyarku. Titsiye mana shi.”

Tsohon ya dube shi ya ce, “Wanda ke hawa ta ciki, in ya kusa kaiwa sama, yaya yake tafiya?”

Haladu ya matso gaba. Sai ya sunkuya, ya matse kafaɗu, ya karkata jiki, ya yi taku uku yana dafa iska kamar mai ratsa matsattsen lungu. Sannan ya ce, “In ka fito, gidan Sarki yana ƙarƙashinka. In an yi ruwa a duwatsu, kana hango kwarin Telwa ya kawo ruwa.”

Tsohon ya ja rawani ya rufe idanunsa. Sannan ya ce, “Raƙumana arba’in suka mutu, ban yi kuka ba. Na shigo garin nan na ga wannan, na zaci gida ne ya biyo ni.” Ya kama hannun Haladu da hannu biyu, ya ƙi saki.

 Ni na nemi ramin shiga na rasa. Da muka taso na ce, “Yaya Haladu, ka yafe mini.” Ran nan na fara ce masa Yaya. Ya tsaya, ya ɗora tafi a ƙirjina, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne.

“Tsagewa ce kawai,” in ji shi. “Zai yaɓu.”

Ba wanda ya sake tayar da zancen zarto. Haladu bai ga damina biyu a bayan wannan ba.

Tun da ya rasu, duk shekara kafin ruwan fari ni nake kwaɓa laka. Sanda ta uku ce iyakata, daga nan gwiwa take fara karkarwa, sai ’ya’yana su ƙarasa saman. Har yau ban taka Agadas ba, amma na dafa inda ya dafa.

Allah ya jiƙan Haladu, ya sanyaya masa makwanci, ya sa sandunan da ya bar mana su zame masa matakalar Aljanna. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.