Bolim Takwas na Wana

Ban yi lakwal ba, ban taɓa zama a aji ba. Abin da na iya a duniya, da duka aka koya mini shi.

Shekara bakwai na yi a arewa, wajen haƙar zinariya. Gurup nake kula da shi, injin da ke ba mu wuta yana janye ruwa daga rami. Wanda ya koya mini aikin doka ɗaya gare shi: kafin ka ɗaga inji daga inda yake, ka mayar da duk abin murɗawa ƙasa, ka zare wayoyi, ka naɗe su. Ran da na manta, da ƙarfe ya fasa mini baki. Haƙorina na gaba can na baro shi. Ban sake mantawa ba. Daga baya rami ya rufta da mutum huɗu da muke ci a kwano ɗaya, ni na fita. Na dawo Tasawa da jaka ɗaya da tari.

Wana ya karɓe ni. Mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwa, shagon laka da rufin kwano. Ya girme ni da shekara tara. Bai tambaye ni komai ba. Ya ce, "Auta, ga benci." Na zauna, na zama mai shara da ɗaukar kaya.

Gyaran rediyo ya riga ya mutu lokacin, kowa ya koma salula. Matattun rediyoyi jibge a shagon har rufi. Da kayan cikinsu ya haɗa abinsa, wani abin kiɗa, bayan ya ga irinsa a salular wani.

Akwatin katako uku ne. Ɗaya shi ke kuka. Ɗaya shi ke gyara kukan, ya yi kauri ko ya yi siriri. Na uku shi ke ba su umurni. A fuskarsa bolim takwas ne a jere, irin wanda ake murɗawa a ƙara muryar rediyo, kowane da ƴar fitila ja a kansa. Wuta takan tashi daga na fari ta taka har na takwas, ta dawo ta sake. Duk wanda ta taka, sai a ji muryarsa. In ka murɗa shi sama murya ta hau, in ka murɗa ƙasa ta sauka. Gajerun wayoyi ne suka haɗa akwatunan, ya zare nan ya soka can, kukan ya sake kama. Batirin moto ke tafiyar da su. Ya ce masu abin sekansa suke ce wa akwati na ukun. Ni taku takwas nake ce masa.

Kullum da hantsi yana kansa. Sai ya rufe ido ya murɗa bolim uku ko huɗu, bai san inda ya kai su ba, ya saurara. Wata rana shirme, wata rana abin da za ka tsaya da tsintsiya a hannu. Wani lokaci ya sa wutar ta juya daga na biyar, kiɗan ya riƙa ɗingishi. Wani lokaci ya rage mata gudu har ka ƙosa.

Na ce, "Yaya, mi kake nema a ciki?"

Ya ce, "Da na sani ai da na bari."

Ƴan kabu-kabu da ke tsayawa a bakin shagon suka samu abin tsokana. "Malam, kwaɗinka sun tashi?"

"Sun tashi. Kuma sun fi ka murya."

Ya gaya mini tun farko cewa abin ba shi da ƙwaƙwalwa. Ya ce, "Ba kamar salula ba ne. Duk abin da ya sani yana nan a inda bolim suka tsaya. Ka murɗa, ya tafi." Na ji shi da kunnena. Ba zan ce ban sani ba.

Kunnensa na hagu tun yana yaro sanƙarau ya tafi da shi. Na dama ne ya rage, shi ma ya soma ja baya. Sai ka faɗi magana sau biyu.

Wata safiya kafin damina, yana murɗe-murɗensa, sai taku uku suka faɗa a jere. Ya cire hannu kamar ya taɓa wuta.

"Auta. Ka ji?"

"Ban ji komai ba."

Ƙarya nake. Farkon fiton Baba ne. A ƙauyenmu, kusa da Gidan Amumune, rijiya na da zurfi, bijimi ke jan guga. Baba yakan tsaya a bakin rijiya yana jiran guga ta hawo, yana wani fito nasa, gajere, ba waƙar kowa ba. Ya yi ya sake, ya yi ya sake. Ina arewa ya rasu. Sai da aka yi wata huɗu na ji. Ba na son fiton nan. Na ɗauki bokiti na fita.

Wata biyu wana ya yi yana neman sauran biyar ɗin. Lasifika a manne da kunnen dama, yatsu biyu a kan bolim. Tsofaffin bolim ne, daga rediyo daban-daban, wasu ko alamar nuni babu. Ka motsa shi kaurin gashi, murya ta wuce. Yakan kwana biyar a kan guda ɗaya. Ran da ya gama, ya bar shi yana zagayawa, ya jingina da bango. Shi ne. Babu abin da ya rage. Har ƴar saukar nan ta ƙarshe da Baba ke yi in guga ta iso.

Ya dube ni. "Shi ne ko? Ni kunnena ba abin yarda ba ne."

Na ce, "Ina ƙarami lokacin. Ban riƙe ba."

Ya ce to, a bari sai babbar yayarmu ta zo daga ƙauye bayan kaka. Ita ta fi kowa sanin Baba. In ta ce shi ne, shi ne. Kafin nan kada kowa ya taɓa. Ya ce in ɗauka masa a salulata, tasa ba ta ɗaukar murya. Na ce gobe. Ya sake tambaya, na ce gobe. Sau nawa, ban ƙidaya ba.

Tsakiyar damina ya tafi Maraɗi ganin likitan kunne. Ya bar mini shago. Rana ta biyu da la'asar ruwa ya sauko, irin wanda ba ya sallama. Kafin in rufe ƙofa ya shigo har idon sawu, bangon baya ya soma zubowa. Ban dubi rediyo ko ɗaya ba. Akwatunan na nufa.

Hannuna ya yi abin da aka koya masa. Na ɗaya, ƙasa. Na biyu, ƙasa. Har takwas. Na zare wayoyi, na naɗe, na cusa a aljihu. Na rufa wa akwatunan rigata na kai su gida a ka. Ko ɗigo bai taɓa su ba. Har daɗi na ji.

Sai da na ajiye su a kan tabarma na ga bolim takwas sun kwanta gefe ɗaya, reras.

Na daɗe a tsugune. Sannan na bi su ɗaya bayan ɗaya na murɗa, wannan rabi, wannan sama kaɗan, yadda ido zai ga kamar ba a taɓa ba.

Ya dawo bayan kwana uku da ƙullin magani. Kunnen ya ƙara rufewa, sai ka sa baki a kansa ka yi ihu. Ya ga bangon da ya faɗi, ya ga akwatunansa a bushe. Ya kama kaina da hannu biyu ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, auta." Ya zauna ya mayar da wayoyi, wannan da ido ake yi. Sannan ya ce, "Bolim fa? Ba ka taɓa ba?"

Na girgiza kai.

Ya kunna. Abin da ya fito ba fito ba ne, ba kiɗa ba ne. Ya manna lasifika a kunne ya daɗe. Ya ce, "Kamar daga ƙasan rijiya nake jinsa. Ba na raba sama da ƙasa." Ya yi murmushi. "Ba komai. Yana nan dai."

Kafin a yanke gero ya daina ji gaba ɗaya. Duk da haka kowace safiya sai ya kunna, ya ɗora tafin hannu a kan lasifika, yana kallon jar wuta tana zagayawa. Ni ina shara ina jin shirmen da na murɗa.

Yayarmu ta zo bayan kaka da damin gero da busasshiyar yakuwa. Wana ya sa rigarsa ta Juma'a. Ya shimfiɗa mata tabarma a shago, ya kunna, ya zuba mata ido. Ta saurara zagaye uku. Ta juyo wurina.

"Auta, wanga mi ne?"

Na dubi ƙasa.

Wana ya ce, da ƙarfi, don ba ya jin muryarsa, "Fiton Baba ne! Na bakin rijiya! Shi ne ko?"

Yayarmu ba ta iya ƙarya ba. Ta girgiza kai.

Ya juya ya dubi akwatin. Sai ya yi wata ƴar dariya. Ya ce, "Ashe tun can kunnen ke yi mini ƙarya. Wata biyu ina bin abin da babu." Ya kashe, ya ɗauko buhu ya rufe akwatunan.

A waje ta tare ni. "Kai da kake zaune da shi, ba ka ce masa ba shi ba ne? Ka bar bawan Allah yana wahala?"

Na ce, "Ban riƙe ba."

Ta ce, "Kai dai ba ka riƙe komai ba." Ta koma ƙauye da safe.

Daga ranar bai sake taɓa buhun ba. Rediyon da yakan gyara da ido da gwaji ma ya daina karɓa. Ya ce wanda kunnensa ya ruɗe shi wata biyu, wa ya san tun yaushe yake ruɗin mutane. Yakan zauna a benci daga safe har azahar, hannuwa a cinya. Ƴan kabu-kabu suka daina tsokana.

Mutum huɗu rami ya danne a gabana, ban fasa cin abinci ba. Ba ni na rufta shi ba. Wannan kuwa tuwo ya ƙi wuce mini wuya.

Na so in faɗa, babu ta inda zan faɗa. Shi ba ya ji, ni ba na rubutu. Yana karatu, da na sa wani ya rubuta masa a takarda. Amma sai na fara gaya wa mai rubutun, ni kuwa bakina ya ƙi. Haka na yi fiye da wata ina cewa babu hanya. Hanya tana nan, tsoro ne.

Wata safiya na gama shara na ajiye tsintsiya. Na yaye buhun. Na kama wuyan hannunsa na jawo shi gaban akwatin. Na nuna sama, na yi masa alamar ruwa da yatsu. Sannan na kama bolim na ɗaya na mayar ƙasa. Na biyu. Har takwas, a hankali, yana kallo. Na sake bin su na murɗa barkatai kamar yadda na yi a kan tabarma. Na bugi ƙirjina.

Ya daɗe yana kallon bolim ɗin.

"Kai?"

Na ɗaga kai.

"Ran ruwan nan? Kafin yayarmu ta ji?"

Na ɗaga kai. Na miƙa masa fuska. Da ya mare ni da na samu sauƙi. Bai ɗaga hannu ba.

Ya ce, "Na farkon fa? Wanda na yi da hannuna. Shi ne?"

Na ɗaga kai.

"Ka sani? Tun ran da na tambaye ka?"

Na ɗaga kai.

Ya ce, "Kai mugu ne, auta." Duk layin kasuwa an ji. Mai shayi ya leƙo ya koma.

Kwana uku bai dube ni ba. Ran na huɗu na zo na tarar ya haɗa batir, jar wuta na zagayawa, ya jawo bencin gaban akwatin.

Ya ce, "Zauna. Kai ke da kunne. Na biyu yana sama da na ɗaya, na uku ya fi su duka. Wannan na riƙe. Sauran sai kai."

Na zauna. Yatsuna na haƙa ne, masu kauri, ba su san kaurin gashi ba. Nakan yi fiton a hankali, in murɗa, in wuce, in dawo. Fiton da na ƙi ji, yanzu ni ke yinsa daga hantsi har azahar. Shi yana gefe, tafin hannunsa a kan lasifika, idonsa a fuskata. In na ɓata rai, ya ce, "Koma baya kaɗan." In na tsaya cik, ya ce, "Ya faɗa?"

Biyar sun faɗa. Duk wanda ya faɗa ina ɗauka a salula nan take, ko da shi ba zai ji ba. Na aika wa yayarmu cewa ni na ɓata na farkon. Ta aiko cewa in an gama a kira ta, kuma tana da magana da ni.

Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Ko na haɗa takwas ɗin, wanda ya yi wata biyu yana nema ba zai ji su ba, sai dai ya duba fuskar yayarmu. Na shida nake kai. Kwana goma sha ɗaya ke nan ina wuce shi.