Malam Sha'aibu Danchadi, Wa Zan Kira Idan Saba Ta Tsaya?

Daga Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, 16 ga Afrilu, 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Sha'aibu Ɗahiru Danchadi a gidansa da ke Bodinga, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Ina wurin aiki a Shagari matarsa Salamatu ta kira ni. Da na ga lambarsa ce sai na ɗauka ina murmushi, har na fara gaisuwa, sannan na ji muryar da ba tasa ba.

Malam Sha'aibu, yawancin waɗanda suka yi maka salla sun san ka ne a matsayin mai gyaran kwamfuta kuma manomin albasa. Ni Haruna na san ka ta wata fuskar. Kai ne mai kula da saba, wato babbar kwamfutar da sauran suke dogara da ita, a wata cibiyar jarrabawa a Bodinga, ni kuma ina irin wannan aiki a wata cibiyar a Shagari. A iya sanina, tsakanin garuruwan nan biyu mu kaɗai ne muke wuni gaban baƙin allo muna rubuta wa na'ura umarni. Yanzu saura ni.

Lokacin da na kama aiki, linzamin kwamfuta kawai na sani, in danna nan in danna can. Wata rana ka zo duba wayoyin kwamfutocinmu, ka tsaya a bayana kana kallon yadda nake sauya sunayen hotunan ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, gumi yana zuba. Ba ka yi mini dariya ba. Kujera ka jawo, ka rubuta layi guda da ya fara da `for`, hotunan duka suka sauya suna kafin in gyara zama. Sannan ka share layin ka ce, "To, rubuta da hannunka." Na yi ta kuskure, kana zaune har aka kira la'asar.

Daga ranar, kusan duk abin da na iya a wurinka na ɗauko. Kai ka nuna mini cewa idan na manta dogon umarnin da na taɓa bugawa, in danna Ctrl da R in rubuta ɗan abin da na tuna, sauran zai fito. Kai ka nuna mini `cd -` mai mayar da mutum inda ya baro, da `grep` mai tsamo kalma ɗaya cikin tulin rubutu. Alamar nan `|` mai kama da sanda a tsaye, da ke miƙa sakamakon wani umarni ga na gabansa, tiyo kake ce mata, irin na ban-ruwa. Kuma ka hana ni gaggawa. Duk umarnin da zai goge abu, ka ce in fara sa `echo` a gabansa, in ga abin da zai taɓa tukuna.

Ba zan manta da safiyar wata jarrabawa ba. Ɗalibai sun cika zaure, wasu tun daga Horo Birni da ƙauyukan bayanta, iyaye suna jira a gindin bishiya, sai saba ta daina karɓar kowa. Jami'in da hukumar jarrabawa ta turo ya ce idan ba ta tashi ba za a soke zaman, yaran su jira wani lokacin da ba wanda ya san ranarsa. Nan take na kira ka. Kana fadama, ina jin ƙarar injin ban-ruwa, sai ka kashe shi.

"Kwantar da hankalinka," ka ce. "Buga `df -h`. Mi kag gani?"

Na ce ma'ajiyar saba ta cika maƙil. Ka yi ta karanto mini umarni harafi bayan harafi, har muka gano fayil ɗaya na bayanan aiki da ya kumbura ya cinye wurin. Na ce bari in goge shi.

"A'a, kak ka goge," ka ce. "Saba tana riƙe da shi, ko ka goge wurin ba ya dawowa. Zubar da cikinshi kawai, ka bar shi nan."

Na sa alamar `>` a gaban sunan fayil ɗin na buga. Allunan zauren suka fara buɗewa, wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu biyu tana hamdala. Shugaban cibiya ya yi ta yaba mini. Na ce aikinka ne, kai kuma da ya kira ka sai ka ce masa ai kana gona, Haruna ne a gaban na'ura.

Ko da ciwo ya kwantar da kai ba ka daina ba. Idan na zo dubiya, kafin in tambayi jiki ka riga ni da tambayar ko ina adana kwafin bayanai kullum. Ƙafafunka sun kumbura, muryarka ta dushe, amma idan na kawo wata sabuwar dabara sai fuskarka ta washe, ka ce in sake faɗa a hankali.

Shekaranjiya na gano wata hanya ta haɗa umarnin `find` da na `xargs` wadda ta rage mini aikin wuni guda. Na ɗauki waya don in gaya maka, har na nemo sunanka. Na duba ofis, masu buga takardu suna hirarsu, mai gadi yana sauraron rediyo. Dukansu mutanen kirki ne, amma babu wanda zan gaya wa ya gane abin da ya faranta mini rai. Na ajiye wayar na ci gaba da kallon allo.

A zaman makoki, mahaifiyarka Inna Balaraba ta sa aka kira ni ƙofar ɗakinta. Ta ce, "Haruna, kai ad da shi kullum. Wanga aiki da ɗana ya ƙare rayuwa kanai, mi ne ne shi? Ban taɓa ganewa ba." Na ce, "Inna, aikinsa shi ne kada abin mutane ya tsaya. Idan ya yi shi da kyau, ba wanda zai san ya yi komai." Ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "To, haka yake ko a gida."

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Balaraba, da Salamatu da ta yi jinyarka ba gajiyawa, da 'ya'yanka A'isha da Shamsuddeen, da jama'ar Danchadi da Bodinga baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya wa marayun nan. Malam Sha'aibu, Allah Ya gafarta maka, Ya sa jinyar da ka sha ta zama kankarar zunubi, Ya yalwata maka kabari, Ya sanya ilimin da ka bayar kyauta cikin sadakarka mai gudana. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.