Gwangwani Mai Hoton Akuya

Har yau in na ji warin jan marker, alƙalamin nan mai kauri, sai in kau da kai. Bari ku ji dalili.

Ina shekara tara, Kaka ce ke shugabantar rabon abincin Asabar a masallacinmu na Lewisham, a ƙasar Turawa. Aikina in ja layi da jan marker a gindin kowane gwangwani, don kada wani ya kai kanti ya sayar. Da layi ya gundure ni sai na koma zana akuya mai tabarau. Na zana ta fi sau miliyan.

Da sanyi jerin mutane yakan kai bakin titi, kowa na fitar da hayaƙi ta baki kamar buta. Can ƙarshe kullum akwai wata mata 'yar Rohingya, cikin waɗanda aka koro daga ƙasar Bama, can gabas mai nisa, da 'yarta, 'yar ajinmu. Gwaggona, mai kula da jerin, ita ke tura su baya. Ran da matar ta nuna shinkafa maimakon wake, Gwaggo ta ce da Hausa, tana mata murmushi, "Ko ƙasa ba ta da ita, amma tana da zaɓi." Muka yi dariya. Matar ma ta yi, ta zaci gaisuwa ce.

Wata rana malamarmu ta ce kowa ya kawo abinci a tara wa mabuƙata. Yarinyar ta zo da gwangwanin tumatir yana ƙyalli, ta ɗora a tebur, kai a ɗage kamar matar gwamna. Na juya gindinsa. An gurje shi har jan ya koɗe, amma tabarau na nan.

Na haye kujera na ce, "Wannan namu ne, mu muka ba su sadaka." Na ɗora da kukan akuya. Dariya ta kusa yaye rufin ajin.

Asabar ita da uwarta ba su zo ba. Da Kaka ta ji labari ba ta dake ni ba, jakar shinkafa ta ɗora min.

"Ki kai musu, jikalle. Da hannunki."

Gidansu hawa na bakwai ne, lif ɗin hawa benen kuma ya lalace. Uwar ta buɗe, ta dubi jakar, ta dube ni. Na hango kicin ɗinsu, wayam. Ta rufe ƙofar a hankali, ta bar ni da jakar a hannu.

Yanzu an daina jerin, katin sayen abinci ake bayarwa, ba mai zana komai. Ni da yarinyar muna sakandare ɗaya, ta fi ni maki a komai. Har yau in ta wuce ana mata kukan akuya. Sababbin ɗalibai ma suna yi, ba su san daga ina ya samo ba.