Ranar da Na Ƙirga Shanun Damaga

Da ƙarfe takwas da kwata na safiyar wata Laraba, mu uku ne tsaye a bakin wata ruga kusa da Damaga: ni, malaminmu, da dattijon da ya yarda a duba shanunsa. Ranar ce jarrabawata ta aikin hannu a karatun kiwon lafiyar dabbobi. In na faɗi, sai na sake zaman shekara guda a kwaleji.

Shekara biyu muna karatu, saniyar da na fi sani ita ce ta jikin allo, wadda ba ta harbi. Malaminmu ma ita ya fi sani. Ya miƙo mini takardar cikewa, ya koma inuwar wata bishiyar bedi yana kare takalminsa daga kashin shanu.

Ni mutum ne mai bin tsari. Layi na ɗaya, sunan gari, na rubuta. Na biyu, irin dabba, na rubuta. Na uku, adadin garke. Na yi wa dattijon sallama a gurguje, ban tambayi iyali ba, ban tambayi kiwo ba, don babu layinsu a takarda. Na ɗaga yatsa na fara ƙirga da ƙarfi, yadda malam zai ji ya ba ni maki.

Ina kan sha tara dattijon ya ce, "Likita, mi kaka yi?"

"Ƙidaya, Baba. Ka ɗan matsa, ka kare mini guda."

"To, madalla. Mu da muka haihe su ba mu taɓa yi musu haka ba."

Babu wanda ya taɓa gaya mana a aji cewa makiyayi ba ya son a nuna shanunsa da yatsa a faɗi yawansu. Tambayarsa ake yi, ya ba da amsar da ya ga dama. Dattijon bai yi faɗa ba. Ya juya, ya yi wani kira guda a maƙoshi, ya saɓa sandarsa. Shanun suka bi shi cikin daji a jere, har da maruƙa.

Saura layi tara: zafin jiki, numfashi, kaska, duba baki, da sauransu. Babu saniya ko ɗaya.

Malam ya taso, ya dubi takardar, ya ce, "Kai ɗan wane gari ne da ba ka san wannan ba?" Shi da ya sani, daga inuwa yake kallona tun daga ɗaya har sha tara. Ya zana mini sifili mai kyau.

Na maimaita shekarar, tare da 'yan ajin bayanmu waɗanda nake yi wa dariya a da.

Mai karatu, in ɗanka ko ƙaninka ya shiga wannan karatu, ka kai shi ruga ya yi mako guda tun kafin zangon farko, kuma ka ce masa ya rufe baki ya yi kallo.